Sarewar gwangwani mai sanyin murya don koyo a gida: wacce ta yi muku?

Maman Jinjiri:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni. Na fara koyon sarewar gwangwani, irin ta kiɗan ƙasar Ayilan mai ƙofa 6, ta D, wato wadda sautinta na can ƙasa ake kiran sa D (da haruffan A zuwa G ake kiran sautukan kiɗa). Ba ni da lokaci sai da dare in yaro ya yi barci, kuma bango ɗaya ne tsakaninmu da maƙwabta. Sautukan ƙasa ba su dame ni ba, amma da na hau hawa na biyu, wato jerin sautukan sama masu tsini, sai ta cika ɗakin da ƙara. Don Allah wanda ya taɓa riƙe mai sanyin murya a hannunsa ya busa, ya faɗa mini abin da kunnensa ya ji. Bayanin masu talla na karanta ya ishe ni.

Tsohon Mabushi:
Wa alaikumus salam 'yata. Fara da Clarke ta asali, wadda ake naɗe gwangwani a saka ɗan katako a bakinta. Tun 1843 Robert Clarke ya fara yin ta a Ingila. Jikinta yana tsukewa zuwa ƙasa, muryarta kuma akwai iska-iska a ciki, shi ya sa ba ta soke kunne. Ita nake busawa da dare, iyalina suna ɗaki na kusa ba sa motsawa. Sai dai ki sani tana shan numfashi, domin hanyar iskarta a buɗe take. Da farko za ki ga kina yanke jimlar kiɗa kina shaƙar iska inda bai kamata ba. In hakan ya yi miki nauyi, akwai Sweetone ta kamfanin, mai kan roba. Ba ta cin iska sosai, hawa na biyu kuma yana zuwa da sauƙi, amma ta fi ta asalin kaifin murya.

Ɗan Haya:
Baba ya yi gaskiya, amma ni ban sayi sabuwa ba. Salatef na manna a taga, wato 'yar kafar da ke ƙasan bakin sarewar inda sauti ke fita, na rufe kusan rabinta daga gefe ɗaya. Nan take ƙarar ta faɗi. In na ƙara rufewa sai ta koma raɗa. Wasu suna ɗora ɗan ƙullin Blu Tack, danƙon nan na manna takarda a bango, a bakin tagar maimakon salatef, duk hanya ɗaya ce. Ki gwada wannan yau da daddare kafin ki kashe kuɗi.

Maman Jinjiri:
Na gode Yaya. Ba ya canza sautin?

Ɗan Haya:
Yana canzawa. Da na gwada da manhajar auna sauti a waya na ga ya ɗan kauce, kuma D ɗin ƙasa ya yi rauni, da an ɗan ƙara iska sai ya tsallake sama. Don koyon yatsu ya wadatar. Don koyon kunne kuwa ban yarda da shi ba.

Malamar Kimiyya:
Bari in sa baki a nan, domin akwai abin da in ba a fahimce shi ba za a yi ta sayen sarewa ana ajiyewa. Wannan kayan kiɗa ba shi da wurin rage murya. Idan kin rage iska, sautin ne ke sauka ƙasa da inda ya kamata, idan kin ƙara kuma ya haura. Hawa na biyu ma ba ya samuwa sai da saurin iska, shi ya sa dole ya fi na farko ƙarfi a kowace sarewa, mai tsada da mai araha. A ma'aunin tsinin sauti da ake kira hertz, D ɗin ƙasa yana wajen 587, B na hawa na biyu kuma yana kusan 1,976, kunnen ɗan Adam kuwa ya fi jin abin da ke tsakanin 2,000 da 5,000. Wato sautukan da suke damun ki suna dab da inda kunne ya fi kaifi. Ba ke ce ba ki iya busa ba.

Saboda haka sanyin murya a ƙirar yake: cikin bututu ya zama siriri, taga ƙarama, hanyar iska matsattsa. Ni da na je zaɓe ban saurari sautin ƙasa ba ko kaɗan, kowacce tana da daɗi a can. A da B na sama na busa, na sa ƙanwata ta tsaya bayan ƙofa a rufe ta gaya mini wadda ta fi isa gare ta. Wadda na ɗauka a ƙarshe siririya ce ta tagulla, kuma ba ita ce ta fi burge ni a cikin ɗakin ba. Kunnen mai busa yana dab da taga, ba shi ne alƙali ba.

Mai Aikin Dare:
Ina da Parks, wadda ake kira Every Whistle. Tana da zobe a kai da ake juyawa ya rufe wani sashe na taga, dabarar salatef ɗin nan ce amma an gina ta a jiki, ba danƙo ba ɓata. Da asuba in na dawo aiki ina juya shi kusan ƙarshe, da rana in buɗe. Akwai kuma Shush da ake yi musamman don busa a hankali, wani abokina yana da ita, na busa na ji lallai ba ta da hayaniya. Susato dai ki bar ta zuwa gaba. Sarewa ce mai kyau, amma an san ta da ƙarfin murya, wurinta cikin taron makaɗa inda ake son a ji ki.

Dogon Yatsa:
Ni na bar ƙaramar gaba ɗaya na koma babbar D, wadda take ƙasa da hawa guda cur. Bernard Overton ya fitar da irinta a farkon shekarun 1970. Muryarta mai kauri ce, ko a sama ba ta tsinin nan. Tun da na koma mata ba a sake ƙwanƙwasa mini bango ba.

Tsohon Mabushi:
Ɗana, ban ƙi taka ba, amma ba zan ba sabon shiga wannan shawarar ba. Ƙofofinta suna da nisa, dole a rufe su da gaɓar tsakiyar yatsa irin riƙon masu busa algaitar Turawa mai jakar iska, ga kuma shan iska. Mai ƙananan hannu za ta ɓata watanni tana neman rufe ƙofar ƙarshe kafin ta fitar da waƙa ɗaya. Ta fara kama ƙaramar tukuna.

Antin Yara:
Abin da ya fi taimaka mini ba saye ba ne. Ina ɗora bakin sarewar a ƙasan leɓena maimakon in sa shi a baki, in hura iska ta bi saman tagar. Sautin yana fita siriri ƙwarai, ni kaɗai nake jin sa, amma ana gane waƙar sarai. Haka na haddace yatsun waƙoƙi da yawa jaririyata tana kwance a gefena.

Amma 'yar'uwa, ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Duk waɗannan dabarun suna koya wa yatsu ne, ba sa koya wa numfashi. Wata ɗalibata ta daɗe tana koyo da taga a toshe, yatsunta sun ƙware, amma da ta cire salatef sai hawa na biyu ya gagare ta, domin ta saba da busa cikin tsoro. Sautin sama yana son a tura masa iska da zuciya ɗaya. Ki nemi ɗan lokaci da rana, ko kaɗan ne, ki buɗe tagar ki busa sosai. Ki ma gaya wa maƙwabtan lokacin. Nawa da na tambaye su sun zaɓi yamma da kansu, magana ta ƙare.

Mai Aikin Dare:
Wannan haka yake. Ko WARBL da nake gani a hannun mutane, ta lantarki da ake haɗawa da waya a saurara ta abin kunne, ba ta fitar da ƙara ko kaɗan, amma wanda na sani mai ita yana komawa ga ta gaske don gyaran numfashi.

Malamar Kimiyya:
Ƙari ɗaya ga duk wanda zai sayi siririya. Matsattsar hanyar iska tana saurin tara laimar numfashi, musamman in ɗakin da sanyi. Tawa ina cikin busa ta sai muryar ta dushe ta fara gargada. Ki ɗumama kan a tafin hannu kafin ki fara. In ta toshe, ki rufe tagar da yatsa ki hura da ƙarfi sau ɗaya, ba za ta yi ƙara ba. Ɗigon sabulun wanke-wanke da aka tsarma da ruwa, a zuba ta hanyar iskar a bar shi ya bushe, yana sa laimar ta zame maimakon ta taru. Mai katako a baki kuwa kada a jiƙa ta haka, a girgije ta kawai a ajiye ta sha iska.