Saƙonni 310, fanka huɗu kawai na sayar. Ina matsalar tallar nan?

Maman Hanifa, Ƙofar Kaura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamar firamare ce a nan Katsina, ina ɗan taɓa kasuwanci ta waya in an tashi makaranta. Ba ni da shago, ba na ajiye kaya. Akwai wani dillali a Legas, in mutum ya ce yana so sai in tura masa kuɗi da adireshi, shi ya sa a mota, ni kuma in ci abin da ke tsakani. Da zafin Afrilu ya kankama sai na ɗauki fanka mai caji, wadda ake haɗawa da 'yar ƙaramar sola da ƙwan fitila biyu. Ribata naira 6,000 ce a kowace.

Na danna Boost a Instagram, wato maɓallin biyan kuɗi a tallata abin da mutum ya ɗora, naira 3,000 kullum har kwana 14, na zaɓi Nijeriya baki ɗaya, shekara 18 zuwa 65. Bidiyon da dillalin ya turo min shi na ɗora: wata 'yar Sin zaune a ɗaki mai fararen labule, gashinta na kaɗawa. Saƙo 310 ya shigo WhatsApp, har na fara murna. Ashe kusan duka "nawa ne?" ne, in na faɗa shiru kamar an shuka dusa. Wasu daga Fatakwal suke, wani kuma aurena ya zo nema, na ce Malam 'ya'yana uku. Huɗu na sayar. Na biyar ya ce a kawo ya biya a hannu, kaya ya iso tasha ya kashe waya. Yanzu fankar tana ɗakina tana yi wa Hanifa fifita.

Kwana biyu-biyu nake canja rubutun tallar ko za a dace. Me nake yi ba daidai ba?

Abu Gobarau

Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Fara da lissafi. 3,000 sau 14 ya kama 42,000, ki ɗora harajin VAT na kashi 7.5 da ake cira a tallan Facebook da Instagram a Nijeriya tun Janairun 2022, ya zama 45,150. Ki raba huɗu: kowace fanka ta ci miki sama da 11,000 kafin ta fita, ribarta kuwa 6,000. Wannan lambar za ki riƙa kallo, yawan saƙo da masu danna alamar so ba su ne ciniki ba.

Ki bar Boost ki koma Ads Manager, wato shafin tsara talla na Facebook da Instagram, ki zaɓi garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ki sa Katsina, Daura, Dutsin-Ma, Funtua, in kin so da Kano, wato inda kika san mota na zuwa kuma za ki iya magana da mutum da yarensa. Shekaru ki fara daga 25. In da iPhone kike biya ta cikin manhajar, akwai kashi 30 na Apple da ake ƙarawa, ki shiga ta burauza ki huta da shi.

Canje-canjen nan kuma ki daina. Injin tallar yana da lokacin koyo, yana neman sakamako kamar 50 a mako guda kafin ya gane irin mutanen da zai riƙa nuna wa, kuma duk babban gyara yana mayar da shi farko. Ki ba shi kwana bakwai bai ga hannunki ba. Sai dai ki sani, in kin ce masa saƙo kike so, masu son tura saƙo zai kwaso miki, har da mai neman aure.

Hajiya Mai Turare, Daura

Ƙanwata, duk abin da Malam Abu ya faɗa haka yake, amma ni ina ganin 'yar Sin ɗin nan ce ta kashe miki kasuwa. Mutumin da ke zaune a Daura cikin zafi, an ɗauke wuta tun azahar, in ya ga wannan ɗakin ya san ba a ƙasarsa aka ɗauka ba, kuma ya ga bidiyon a shafi goma kafin naki. Mutanenmu an sha cin kuɗinsu a intanet, wanda maciji ya sara kuwa in ya ga tsumma gudu yake.

Fankar da aka bar miki ita ce jarinki. Ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan magariba, ki kunna ta, ki kunna ƙwan fitilar, ki tsayar da waya a tsaye ki ɗauka. Ba sai fuskarki ta fito ba, ni hannuna kawai ake gani da kasko. Ki yi magana da Hausa yadda za ki yi wa maƙwabciya, ki faɗi kuɗin a cikin bidiyon tun farko, ki kuma rubuta shi. Masu "nawa ne?" za su ragu, wanda ya shigo ya riga ya san farashi.

Sannan wa ke amsa saƙo da safe kina aji? In mutum ya rubuto ƙarfe goma kika amsa ƙarfe biyu, zuciyarsa ta huce. Ki sa WhatsApp Business, ki rubuta saƙon maraba mai ɗauke da farashi da kwanakin isowa, ki riƙa sa wa mutane alama: wanda ya tambaya, wanda ya ba da kafin alƙalami, wanda aka tura wa. Ni ba na sa kaya a mota sai an turo kuɗin mota tukuna. Wanda ya ƙi biyan wannan, da ma ba zai zo tasha ba.

Ɗan Filin Samji

Ni tambayata ɗaya: kwana nawa kaya ke yi daga Legas? In ya kai biyar, ki leƙa kasuwar Sabon Gari a Kano ki nemi mai irinta. A sa a mota da safe, la'asar tana Katsina. "Gobe za ta iso" ya fi kowane bidiyo sayar da kaya. Ki kuma shiga Ad Library, wato rumbun tallace-tallace na Meta, kamfanin Facebook da Instagram, kyauta ne, ki rubuta sunan kayan ki ga tallan da wasu ke yi. Wanda ya daɗe yana gudana, akwai dalili.

Maman Hanifa

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Kwana biyar zuwa shida yake yi, Malam, zan yi wa ƙanina magana tunda yana shiga Kano duk Asabar. Hajiya, jiya na yi yadda kika ce, na cika fankar da caji na kunna ƙarfe takwas na dare a lamba ta biyu. Wajen ɗaya da rabi ta mutu, alhali awa takwas na rubuta a tallar, yadda aka turo min. Na goge, zan rubuta awa biyar. Bidiyon kuma akuyar maƙwabta ta yi kuka a tsakiya, in sake ɗauka ko in bar shi haka?