Neman shawara: ciyawar roba a bayan gida don ƙwallon yara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da yara maza huɗu, babbansu shekararsa 13, kuma tun da aka gine filin da suke buga ƙwallo a unguwarmu a nan Kano suka koma bakin titi, har wata rana ɗan adaidaita sahu ya kusa kaɗe na biyun. Mahaifiyarsu ta ce ko in sama musu wuri a cikin gida ko in hana su ƙwallon ɗungurungum, ni kuwa na san hanin ba zai yi tasiri ba, domin ni ma na sha bulala a kan ƙwallo wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma ban daina ba. A bayan gidanmu akwai inda muke ɗaure tumaki a da, bara aka yi masa daɓen siminti. Na riga na sayi ciyawar roba tana gareji, na kuma ba mai shimfiɗawa rabin kuɗin aiki. Shi ya ce gam zai shafe simintin da shi ya manna, kwana biyu an gama, amma ƙanina ya ce damina ɗaya za ta ɗaga aikin. Maganar wa zan kama?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka ba mu labarin bulala, amma ba ka faɗi girman filin ba, balle irin ciyawar da ka saya. Ciyawar ado, wadda ake shimfiɗawa a wurin biki da farfajiyar otal, gajera ce, yawanci milimita 20 zuwa 35. Ta ƙwallo tana kai wa milimita 40 zuwa 60, kuma ana cika ta da yashi da ɓarɓashin roba domin gashinta ya tsaya. Dukkansu akwai ƙananan huji a bayansu don ruwa ya wuce, saboda haka idan an shafe siminti da gam gaba ɗaya, ruwan watan Agusta ba shi da mafita sai ya kwanta, ya ruɓar da gam ɗin. Aikin gaskiya shi ne a fasa daɓen, a zuba tsakuwa kamar kaurin santimita 10, a danne ta da inji, a bi da ƙurar dutse, a ba filin gangare na santimita 1 a kowace mita. Duk wanda ya gaya maka wanin wannan, kuɗinka yake so.

Mai tambaya: Na gode Injiniya. Filin mita 9 ne a faɗi, 14 a tsawo, ciyawar kuma an rubuta 25 a jikin ledarta. Mai shagon ya tabbatar mini cewa duk ɗaya ne, kuma yara ne za su taka, ba 'yan Kano Pillars ba. Batun fasa daɓe kuwa da wuya, domin ko shekara bai cika ba, kuma sokawe ɗin gidan yana ƙarƙashin kusurwar da darbejiya take.

Hajiya daga Kaduna: Alhaji, ni dai na ga abin a gidana. Ɗana ne ya shimfiɗa mini a tsakar gida ba tare da ya shawarce ni ba, ranar Babbar Sallah garwashi ɗaya ya faɗo daga murhun suya ya narka wurin kamar an ɗora dutsen guga. Fitsarin ragon da ya kwana uku a kai kuwa, wata guda muna wankewa warin bai tafi ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne da na yi magana sai matarsa ta ce wai ban san darajar abin ba, alhali ni nake sharar wurin kullum.

Malam daga Maraɗi: Ranka ya daɗe, babu wanda ya taɓo maganar zafi. A watan Afrilu iskar kanta takan wuce digiri 40 a ƙasarmu da taku, robar da rana ta daka kuwa tana iya haura digiri 60, kuma yaranmu da yawa ba takalmi suke wasa. Idan an yayyafa ruwa takan yi sanyi na ɗan lokaci ne kawai, ka ga ka ƙara wa kanka kuɗin 'yan garuwa. Ni da a ce nawa ne, in mayar da ciyawar, in sa a kawo tifa biyu ta rairayi mai laushi a baje. A kan rairayi muka koyi ƙwallo.

Injiniya: Malam, rairayi a kan siminti iskar hunturu za ta kwashe rabinsa ta kai ɗakin uwargida, ruwan sama ya toshe kwata da sauran. Zafi ba matsala ba ne ga wanda zai yi wasa bayan La'asar. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne amsar Alhaji. Ciyawa mai milimita 25 ba ta ɗaukar ɓarɓashin roba, kuma ni dama yashi zalla na fi so a gida, tunda ko Tarayyar Turai a 2023 ta yanke cewa daga 2031 za a daina sayar da wannan ɓarɓashi. To amma gajeriyar ciyawa a kan siminti daidai take da darduma a kan dutse, yaro ya faɗi da gwiwa ko da ka sai asibiti. Sannan naɗin yana zuwa ne da faɗin mita 2 ko 4, filinka mai mita 9 dole a yi masa haɗi aƙalla biyu, gashin ya kalli gefe guda, kuma a wurin haɗin ake gane gwani. Ka tambayi mai shimfiɗawar batun murfin sokawe, yaya za a buɗe ranar da za a kwashe?

Wani ɗan'uwa: Da girmamawa, Injiniya ya tsananta. Ana barin daɓen, a shimfiɗa soso na musamman mai rage zafin faɗuwa a ƙasa, a manna gefe da wurin haɗi kawai. Ni damuwata rabin kuɗin nan da aka bayar. Mai tayil ɗina haka ya karɓi rabi ya ce zai je sayo kaya, yau wata bakwai wayarsa a kashe, ga banɗakin nan yadda ya bar shi.

Mai tambaya: Na gode muku duka, amma mai aikin ɗan'uwan matata ne, ba zai gudu ba, kuma ba zan iya ce masa bai iya aikinsa ba. Mai shago ba ya karɓar kayan da aka yanka. Darbejiyar ma tana ba da inuwa, saboda haka zafin ba zai kai yadda Malam ya faɗa ba.

Injiniya: Inuwar tana tafe da ganye da 'ya'ya, saiwar kuma ita za ta tsaga maka daɓen. Kafin ya zo, ka zuba bokiti uku na ruwa a tsakiyar filin ka gaya mana inda ya nufa.

Mai tambaya: Zan gwada idan na samu sarari, in sha Allahu. Ranar Asabar zai fara aikin. Wane tsawo ya kamata ragar da zan ɗaura ta kai a saman katanga, don kada ƙwallo ta riƙa faɗawa gidan maƙwabci?