Muhawara: Da gaske mutumin ƙauye ba zai biya kuɗin intanet mai ƙarfi ba?

Malamin firamare, yankin Ringim: Salamu alaikum jama'a. Ana ta cewa abin da ya hana a kafa eriya mai ƙarfi a ƙauyukanmu shi ne an yi ƙiyasi an ga ba za mu biya ba. Wai an zagaya ana tambayar magidanta nawa za su iya biya a wata, abin da suka faɗa bai kai a mai da kuɗin eriya ba. Ni ban gamsu ba. Me kuka gani?

Mai shagon caji: Malam, tun daga tambayar aka kuskure. Wa yake lissafin wata a nan? Yaro zai kawo waya caji, ya sa data ta ɗari biyu, gobe ya dawo. Ka tara na kwana talatin, dubu shida ke nan. Amma ka ce masa ya biya dubu shida a wata, zai rantse ba shi da su, kuma gaskiya ya faɗa, don bai taɓa riƙe su a dunƙule ba.

Alhaji dillalin riɗi: Ku yi haƙuri, ni ina bayan masu ƙiyasin. Eriya ba da fatar baki take aiki ba. Akwai man janareta, akwai batura, akwai mai gadi, wata goma sha biyu ba hutu. Mu kuwa kuɗinmu na kaka ne. In damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, ga taki ga ƙwadago, data ce farkon abin da ake yankewa. Da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, da idona na ga masu kashe data sai za su tura saƙo su kunna.

Ɗalibar tattalin arziki, daga Gumel: Baba Alhaji, maganarka ta kaka gaskiya ce. Amma abin da mutum ya faɗa da baki daban, abin da yake kashewa daban. Wanda ya zaci tallafi za a kawo zai rage farashi, wanda ya zaci amsarsa ce za ta jawo eriya zai ƙara. Shi ya sa masu bincike na ƙwarai suke jera wa mutum zaɓi: wannan mai arha ne amma yana yankewa, wancan ya fi tsada amma bidiyo ba ya tsayawa, wanne za ka ɗauka? Daga zaɓin ake gane darajar da ya ba ƙarfin sabis. Sannan wa aka tambaya? Maigida a ƙofar gida. Matar da ke ciki tana tallan turaren wuta da atamfa a WhatsApp ba wanda ya ji ta bakinta, alhali ita ce ba ta iya fita neman sabis a kan tudu.

Mai POS: Allah ya yi miki albarka. A ƙara da kuɗin acaɓar da muke biya zuwa gari don kawai tiransifa ta wuce. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sai in ɗaga na'ura sama mutane na layi suna jira. Ku je Maigatari ranar Alhamis ku ga cinikin shanun da ake biya ta waya. Ni ko ninki aka ce in biya, zan biya.

Alhaji dillalin riɗi: Kai ɗaya ne cikin mutum nawa, ɗana? Yawancin ƙauyenku ƙaramar waya ce a hannunsu. Wanda ba shi da babbar waya me zai yi da intanet mai ƙarfi?

Ɗalibar tattalin arziki: Wannan kam babban cikas ne, Baba. Sai dai wa zai sayar da akuya ya sayi babbar waya a garin da ba ta da amfani? Ba a auna son abu a wurin wanda bai taɓa ɗanɗana shi ba.

Malamin firamare: Ko da Alhaji ya yi daidai, magana ba ta ƙare ba. Shirin ƙasa na faɗaɗa intanet mai ƙarfi na 2020 zuwa 2025 ya sa burin kashi 70 cikin ɗari na jama'a su samu, da saurin 10Mbps a karkara, da farashin da bai wuce naira 390 ba kan 1GB. Asusun gwamnati na tallafa wa kai sadarwa ko'ina, wato USPF, kuma don wuraren da riba ba ta kai kamfani aka kafa shi. Ɗalibanmu da kwamfuta suke rubuta JAMB, wasu ranar jarrabawa suke fara taɓa ta. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Mai shagon caji: Ina da littafin da nake rubuta cinikin data da kati kullum. Duk mai son ƙiyasi ya zo ya duba.

Alhaji dillalin riɗi: To ka ɗauko mana hoton shafukan Yuli da Agusta, ba na bayan girbi ba. In ciniki bai faɗi warwas ba a watannin nan, ni da kaina zan raka Malam wurin hakimi a rubuta takardar neman eriya.