Shawarwari a Zaure: Kek ɗin Askirim na Zagayowar Ranar Haihuwa a Tsakiyar Bazara

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. 'Yan biyuna za su cika shekara 7 ranar Asabar mai zuwa, kuma sun kafe a kan lallai kek ɗin askirim suke so, ni kuwa na fi son in haɗa musu da hannuna. Yaran da za su zo za su kai 20. Abin da ke ba ni tsoro shi ne zafin Kano na watan Afrilu da kuma wutar da ba ta zama, duk da cewa ina da firiza mai murfi a sama. Don Allah a taimaka mini da shawara.

Anti Mai Kek: Wa alaikumus salam, ƙanwata, Allah ya raya mana su bisa tafarkin addini. Wannan kek ba ya son gaggawa, saboda haka idan Asabar za a yanka, to ranar Alhamis za ki fara. Ki kwaɓa kek ɗinki da man gyaɗa maimakon bota, domin bota tana daskarewa a firiza har wuƙa ta kasa shiga, shi kuwa na mai yana nan da laushinsa. Kada kaurinsa ya wuce yatsa biyu. Ga yara 20, gwangwani mai tsawo na inci 9 da 13 ya fi mai zagaye auki da sauƙin yankawa. Bayan kek ya huce sarai, ki shimfiɗa leda a cikin gwangwanin yadda bakinta zai zubo waje, ki mayar da kek ɗin, ki sa a firiza na awa ɗaya kafin askirim ya hau kansa. Kowane hawa na askirim da kika zuba, ki ba shi aƙalla awa 2 ya kama jikinsa, sannan gaba ɗaya ya kwana a ciki.

Hajiya Babba: Allah ya yi musu albarka. Ni dai, 'yata, da za ki bi tawa, da kin hutar da kanki daga kunna obin a wannan zafi. Ki sami biskit mai cakulan irin Oreo kimanin giram 300, ki zuba a leda ki murƙushe da muciya, ki gauraya da narkakkiyar bota cokali 5, ki danne shi a ƙasan gwangwani da gindin kofi. Ki rage kaɗan ki barbaɗa a tsakanin hawa biyu na askirim, domin wannan ɓaras-ɓaras ɗin da yara ke ji a haƙori shi suka fi so a cikin kek ɗin duka.

Anti Mai Kek: Hajiya, maganarki dutse ce, sai dai ina ganin tunda yaran kek suka ambata, za su so su ga kek idan an yanka. Tana iya haɗa biyun: kek a ƙasa, biskit ɗinki a tsakiya.

Malama daga Maraɗi: Ina yi wa kowa sallama. Game da askirim ɗin kansa, ba sai da inji na musamman ba. Ki sami kirim na bugawa rabin lita da madara kondens mai zaƙi gwangwani ɗaya na giram 397. Ki lura sosai, 'yar'uwa, ba madarar ruwa ta shayi nake nufi ba, domin ita ruwa ya yi mata yawa kuma ba a ƙara mata sukari ba, idan ta daskare ƙanƙara zalla za ki samu. Ki sa kwano da bakin injin bugawa a firiza na minti 15, sannan ki buga kirim ɗin yana da sanyi har sai kin ɗaga injin kin ga tsini ya tsaya bai kwanta ba. A nan za ki tsaya, don idan kika zarce zai tsinke ya fara komawa bota. Sai ki zuba kondens da fanila kaɗan, ki riƙa juyawa a hankali daga ƙasa zuwa sama don kada iskar da kika buga ta fice. Iskar nan da sukarin kondens su ne suke hana shi tauri. Wani alfanun kuma shi ne babu ɗanyen ƙwai a ciki, kuma tunda yana da laushi tun farko, kai tsaye za ki zuba shi a kan kek ba tare da jiran ya narke ba.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, kirim na ruwa yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba, shin na gari da ake sayarwa a shagunan kayan kek zai yi? Sannan ɗaya daga cikin 'yan biyun mangwaro take so, tunda lokacinsa ne.

Malama daga Maraɗi: Zai yi, har ma ya fi jure zafi, saboda yawancinsa da man tsirrai ake yin sa. Ki dama shi da madara mai sanyi ƙarara bisa ma'aunin da ke jikin kwalin, amma ki rage kondens ki riƙa ɗanɗanawa, domin na gari da sukarinsa yake zuwa. Mangwaro kuma ki zaɓi marar zare, ki markaɗa, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har ruwansa ya ragu da kusan rabi, ya huce ya yi sanyi kafin ki haɗa. Ɗanyen abarba da gwanda ne ban ba ki shawara ba, domin suna sa madara ɗaci idan sun daɗe tare.

Anti Mai Ƙanƙara: Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma a garin nan sanyi shi ne rabin aikin, kuma nan ne sana'ata. Askirim yana son sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili. Tun ranar Laraba ki cika firizarki da fiya wata da robobin ruwa su daskare, domin firizar da ta cika ta fi wadda babu komai a cikinta riƙe sanyi idan an ɗauke wuta. Ki sa kek ɗin a can ƙasa, ki kewaye shi da ƙanƙarar, ki hana kowa buɗe murfin, har da mai gidan idan ya zo neman ruwan sanyi. Idan za ki tayar da janareta, ki tayar da shi a lokacin da kika zuba sabon hawa, don a lokacin ne firiza ta fi buƙatar ƙarfi. In kuma abin ya ƙi, ki sami babbar kula, ki farfasa ƙanƙara ki zuba, ki barbaɗa gishiri kofi ɗaya a kan kowane kofi 3 zuwa 4 na ƙanƙara. Gishiri yana sa sanyin ya sauka ƙasa da sifili sosai. Sai dai ki rufe gwangwanin da murfi, ki ɗaure shi a leda biyu, kafin ki sa shi a cikin kular, domin ko ɗigo ɗaya na ruwan gishirin ya shiga, ɗanɗanon ya ɓaci.

Yaya Ma'aikaciyar Jinya: Ina so in ƙara a kan maganar Anti Mai Ƙanƙara, tunda ƙananan yara ne za su ci. Idan askirim ya ɗan yi laushi kawai amma yana da ƙanƙara a jikinsa, ba laifi a mayar da shi. Amma idan ya narke ya zama ruwa ya kuma jima a haka, kada a sake daskarar da shi a ba yara, saboda ƙwayoyin cuta suna saurin yaɗuwa a madara, kuma sanyi ba ya kashe su, tsayar da su kawai yake yi. Idan za ki barbaɗa gyaɗa a sama, ki tambayi iyayen yaran ko akwai wanda jikinsa ba ya karɓarta.

Anti Mai Kek: Saura ado da yanka. Kada ki kusanci fondan, wato kwaɓin sukarin da ake murzawa a lulluɓe kek da shi, ko aisin na bota, na farko yana yin gumi ya zube da zarar ya fito, na biyu kuma ya yi tauri. Daren Juma'a ki kama bakin ledar ki ɗaga kek ɗin ya fito, ki shafe shi da bugaggen kirim cikin hanzari, ki mayar. Ki soke kyandirori tun kirim ɗin bai daskare ba. Ranar Asabar sai yara sun zauna, faranti da cokula suna hannu, sannan a fito da shi, kuma a zafin Afrilu minti 5 ya ishe shi ya yi laushin yanka. Ki ajiye jug na ruwan zafi kusa da ke, ki tsoma wuƙa ki goge da tsumma mai tsabta kafin kowane yanka, abin da ya rage kuma a mayar firiza nan take kafin a fara rabon sauran abinci.