Don Allah ta yaya iskar CO2 ke raba ruwa da asiton?

Dalibi_22:
Salam 'yan uwa, wani abu ne ya ɗaure min kai. An koya mana asiton (sinadarin nan mai ruwa-ruwa da ake goge fentin farce da shi) da ruwa ko nawa ka zuba suna cakuɗewa ne, ba ka ganin tsakani, sai kuma na ji wai idan aka tura musu CO2 da matsi mai ƙarfi suna rabuwa gida biyu kamar mai da ruwa. Iska fa?

MalaminLab:
Wa alaikas salam. Haka ne, iskar ce ke da son kai. A ruwa, a digiri 25 na Celsius da matsin atmosfiya ɗaya (wato daidai matsin iskar da muke ciki), kusan giram 1.5 kacal ke narkewa a lita, in ka ƙara matsi ya ƙaru, dokar Henry ke nan ta 1803. Amma a asiton tana shiga nesa ba kusa ba, tana ta cusa kai har ya kumbura halinsa ya sauya ya daina jituwa da ruwan, sai ya ware gefe. Gishiri ma yana yin wannan aikin, sai dai ita iska kana buɗe bawul ta fice su koma su haɗe, gishiri kuwa cire shi wani aiki ne daban.

Ummu_Sinadari:
Malam ya gama magana, gyara ɗaya kawai, batun "kamar mai da ruwa" ɗin nan ne ban yarda ba. Rabuwar ba tas ba ce, kowane ɓangare na ɗauke da ɗan'uwansa. Ɗauki butanol, wani nau'in alkohol da ke rabuwa da ruwa gida biyu ko babu iska, kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari ne yake narkewa a ruwa, amma ɓangaren butanol ɗin yana shanye ruwa har wajen kashi 20. Mutane na yawan ɗauka lambobin biyun daidai suke, ina!

Injiniya_S:
Kuma kar a haddace wai CO2 raba su take kullum. Akwai wasu sinadaran amin (dangin amoniya) da ba sa haɗuwa da ruwa, kana busa musu CO2 sai ta zama asid a ruwan, su koma gishirin bikabonet su narke, ka kore ta da zafi su sake warewa.

Dalibi_22:
Na gode ƙwarai. To zafi fa, yana da hannu?

MalaminLab:
Sosai ma. Sinadarin fenol da ruwa in sun wuce wajen digiri 66 haɗewa suke baki ɗaya, tirayetilamin, wani daga cikin sinadaran amin, kuma akasin haka, ba ya haɗewa da ruwa baki ɗaya sai ƙasa da digiri 18 ko 19. Shi ya sa in ka ga lamba ba a rubuta zafi da matsi a gefenta ba kar ka kwafa.