Taƙaitawa: matsalolin liƙi da dalma wajen saka cif (ƙaramar na'urar lantarki da ake ƙarawa ciki) a na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 2 (PS2)

Ga abin da na tattara daga bayanan jama'a:

1. Dalma ta ƙi kamawa: kowa ya ce a goge bakin ƙarfen liƙi, a shafa man liƙi (flux, mai sa dalma ta kama). In ta dunƙule ta dushe, ba ta kama ba ke nan.
2. Allo ya yi baƙi bayan aiki: galibi dalma ce ta haɗe ƙafafun cif biyu. A gwada da mitar awon lantarki.
3. A kan zafin ƙarfen liƙi aka rabu. Wasu sun ce digiri 320 na Celsius ya isa, tunda dalma 63/37 (kashi 63 kuza, kashi 37 dalma) a 183 take narkewa. Wasu 350, amma a ɗaga hannu da wuri kada layin tagulla ya ɓare. Ni na fi yarda da na farko.
4. A yi amfani da waya siririya, gajera.