Ɗaura wa kwale-kwale tamfol a Goronyo: me kuka gani?

Ɗan Goronyo: Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 injina yake ajiye a ɗaki. Kwale-kwalena na katako ne, ƙafa 20. Ina so in kafa mishi sanda in ɗaura tamfol iska ta riƙa tura ni cikin dam. Wane ice zan nema, wace igiya kuma?

Malam Kafinta: Wa alaikumus salam. Nemi icen turare miƙaƙƙe wanda ya bushe sarai, ko gora mai kauri. Ka bar giginya, nauyinta ya yi yawa. Kada tsawon ya wuce ƙafa 10. Sai dai wurin zaman sandar ya fi icen muhimmanci. A kafe guntun katako mai kauri a cikin jirgin daga ƙasa, a fafe shi daidai gindin sandar, sannan a gitta wani katakon a sama a huda shi ta ratsa. Daga goshi ka auna kashi ɗaya cikin uku na tsawon jirgin, nan ne wurinta. In tana girgiza a ramin, sa mata 'yan tsinke ka matse, don girgizar nan ce ke tsaga katako.

Kawu Basarke: Yaro, kafin ka sayi komi ka saurare ni. Jirginmu gindinsa a shafe yake, ba shi da abin da zai kama ruwa. Iska in ta buge ka daga gefe, jirgin zai yi ta zamewa, in ta yi ƙarfi ta kife shi. Saboda haka tamfol ya zan ƙarami, kuma ka saƙala faffaɗan katako a gefen da iska ke tura ka, ya nutse kamu biyu. Igiyar da ke jan tamfol kuwa kada ka kuskura ka ɗaure ta. A hannu ake riƙe ta, guguwa na tasowa ka saki.

Ɗan Goronyo: Na gode Kawu. To igiyar roba shuɗiyan nan ta kasuwa za ta yi?

Injiniya: Za ta yi na ɗan lokaci, amma rana na cinye ta. Ka murza ta a hannu, in ka ga tana zubar da gari to ta mutu. Nailan kuma miƙewa yake yi, musamman in ya jiƙe, sai ka ga sanda ta karkata. Ga igiyoyin da ke riƙe sanda, guda a goshi da bibbiyu a gefe, foliyesta ta fi, don ba ta cika miƙewa ba. Ka ƙona bakin kowace da ashana kada ta warware, kuma ka riƙa duba inda take gogar katako.

Malam Kafinta: Ka shafa wa gindin sandar baƙin mai saboda gara.

Kawu Basarke: A'a Malam, ban yarda ba. Baƙin mai cikin ruwan da muke kamun kifi, mutane na sha? Fenti ya isa. In ya dawo ya zare sandar ya kwantar a inuwa bisa duwatsu, gara ba ta samun ta.

Tela Mai Rumfa: Ni ɗinkin zan yi magana a kai. Tamfol daga kusurwa yake fara yagewa, don haka a ninka kowace kusurwa uku kafin a sa zobe. A naɗe igiya siririya cikin kalmasa ta zagaye bakin duka. Zaren auduga ruɓewa yake yi, a sa na roba, ɗinkin kuma ya zan mai zigizaga. Ƙaramar huda a lika mata faci ciki da waje ran da aka gan ta. Kada a naɗe shi da danshi, kuma a rataye, ɓera na son shi.

Injiniya: Ka fara gwaji da hunturu da sassafe, kusa da gaɓa, ba kaya ba fasinja. Iskar daga arewa maso gabas take zuwa, ka san inda za ta kai ka. Filafili ya zan yana cikin jirgi don dawowa, rigar ceto kuma a jikinka.

Kawu Basarke: Da damina in ka ga gabas ta haɗe, sauke tamfol tun iska ba ta iso ba. Ka sa rana ka zo da jirgin in duba ramin sandar da idona kafin ka shiga ruwa.

Ɗan Goronyo: In sha Allahu ranar Lahadi bayan kasuwa, Kawu. Malam Tela, yadi nawa zan sawo?